Tafintan Jakada

Ni aka ɗauko daga Toliara
a farar mota mai tuta a goshi,
don ina da harshe biyu a baki ɗaya,
kuma an san ba na tsawaita zance.

Ƙauyen masunta ya yi wanka tun asuba.
An share rairayi, an ɗaure awaki nesa,
'yan makaranta na kaɗa tutocin takarda
na ƙasar da ba za su iya nunawa a taswira ba.
Jakada ya sauko, gumi ya jiƙa masa wuyan riga,
ya tsaya gaban injin ƙanƙara
da aka lulluɓe da shuɗin ƙyalle.

Ya ce: abota. Na ce: abota.
Ya ce: kyauta ce daga mutanenmu zuwa gare ku,
kifinku ba zai ƙara ruɓewa a rana ba.
Na juye musu zancen yadda ya zo,
har na barbaɗa ɗan gishiri don a yi tafi.
Aka yi tafi.

Sai Velonjara ta miƙe,
tsohuwa mai shanyar kifi,
fuskarta shafe da rawayan garin itace saboda rana.
Ta ce: Yaro, gaya masa mun gode.
Sannan ka tambaye shi:
fitilun nan da ke jeruwa kan teku da dare,
kamar gari guda ya tashi ya koma ruwa,
jiragen wa ne?
Ɗana Tsiresy na fita kafin zakara ya yi cara,
ya dawo da la'asar da kifi uku,
ɗaya ma rabon mage ne.
Me za mu sa a ƙanƙarar?
Tambaye shi.

Na dubi jakada.
Na dubi shugaban gunduma,
ya kafe ni da ido irin na wanda ya san ƙofar gidanmu.
Na tuna kuɗin haya, na tuna maganin mahaifiyata.
Na tuna takardar da na fassara bara a babban birni,
shafi arba'in, izinin kamun kifi na shekara biyar,
inda a shafi na talatin da takwas
injin nan ya samu layi ɗaya da rabi.
Kowa ya ci ladan kuturu, ya san sauran.

Na gyara murya, na ce: Ranka ya daɗe,
tsohuwa na godiya,
tana fatan ƙanƙarar za ta wadace su.
Ya dafa ƙirji, idonsa ya ciko,
kuma da gaske yake.
Wannan ne ya fi ƙona ni.

Bayan wata bakwai na koma,
ba tuta, ba rakiya, a saman motar kaya.
Injin ya yi gum tun farkon damina.
Wani ƙarfe ne ya karye, bai kai ɗan yatsa ba,
amma sai an yi wasiƙa ƙetaren teku,
wasiƙar kuma na jiran wata wasiƙar.
Allon tagulla dai na nan yana sheƙi,
kaji na saka ƙwai a inuwar injin.
Tsiresy ya tafi birni jan keken fasinja,
ƙafar da ta saba da ruwa tana koyon kwalta.

Velonjara ta gane ni tun daga nesa.
Ba ta ɗaga murya ba.
Ta ba ni tabarma, ta ba ni dafaffen rogo,
ta ce: Jikata na jin yarensu kaɗan-kaɗan,
ta gaya mini abin da ka ce na ce.
Rogon ya tsaya mini a maƙogwaro.

Muka zauna har duhu ya rufa,
fitilu suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya.
Ta ce: Kai mai harshe biyu,
ƙirga mini su da nasu.
Na ƙirga a hankali, murya na rawa.
Ta ce: Nawa ke nan?
Na ce: Goma sha huɗu.
Ta gyaɗa kai tana kallon ruwa.
Ta ce: Ashe lissafi dai ba ya ɓata a hanya.