Biyu Cikin Casa'in

Rumfata tana bayan tashar kwale-kwale a Yauri,
katako huɗu da kwanon rufi, an shafa jan fenti.
Ba allo, ba suna. Wanda ya sani ya sani.
Na'urar ba ta fi tafin hannu ba,
kana faɗin lamba, tana tofo takarda.

Arzika ke fara zuwa,
ƙafa duk laka, riga duk ƙarnin tarwaɗa.
Shi dabararsa mafarki.
In ya ga maciji, bakwai ce. In ya ga makara, arba'in.
Shekaranjiya ya ga kansa yana taka kogi bai nitse ba,
ya rasa lambar da zai ba abin,
ya tsaya yana kallona kamar ni ke da fassara.

Nomau ɗan acaɓa ba ya barci balle mafarki.
Lambar tirelar da ta kusa take shi a hanyar Kontagora
ita ya rubuta da biro a damtsensa.
Wai abin da ya so kashe ka bai samu ba,
bashi kake bin sa.

Wasu na jiran lambar da ta daɗe ba ta fito ba,
wai ta nuna, sai faɗowa kamar mangwaro.
Wasu na bin wadda ta fito jiya, wai ta gane hanya.
Dukansu ni nake karɓar kuɗinsu da hannu ɗaya.

Masu dakon albasa su shida suna tarawa kamar adashi.
Sun taɓa cin dubu goma sha biyu,
aka kwana biyu ana rabon,
har yau biyu daga ciki ba sa gaisawa.

Sai Malam Gado, wanda ya koya mini lissafi a aji uku.
Wata goma sha ɗaya yana jiran fansho.
Littafinsa mai bangon shuɗi ya cika da layuka,
lambobin shekara biyar, kowace da ranarta.
Ranar wata Laraba, ruwa ya tsare mu a rumfar,
ya juya bayan tikiti ya rubuta mini:
lamba casa'in, a zaro biyar,
kai kana neman biyu su zo tare.
Sau ɗaya ke nan cikin ɗari huɗu, in ji shi,
in ka dace kuma su ninka maka ɗari biyu da arba'in.
Ragowar fa? na ce.
Ya nuna kudu da leɓe.
Ƙwallayen nan ba su da tunani, yaro,
ba su san jiya ba, ba su san sunan kowa ba.
Dabara ɗaya ce ba ta taɓa faɗuwa:
ka bar kuɗinka a aljihu.

Ruwa ya ɗauke.
Ya gyara tabarau, ya zaro ɗari biyu mai jiƙe,
ya ce buga mini sha tara da sittin da uku.

Ban yi dariya ba.
Liman ya faɗa ranar Juma'a, na ji da kunnena,
na sunkuyar da kai a sahu na huɗu
tsakanin Arzika da Nomau.

Da magariba nakan ƙirga ciniki,
in ware kasona, in tura sauran inda ake turawa,
in share takardun da aka yayyaga
sun yi fari a ƙasa kamar ɓawon kifi.
Ni na fi kowa sanin inda kogin nan yake gangarawa.

Amma kafin in kashe na'urar,
in ba kowa a bakin tasha,
akwai ranar haihuwar ɗiyata,
akwai shekarun da mahaifina ya yi a duniya.
Naira ɗari ce kawai.