Ƙugiya Ɗari da Ɗaya

Ranar kasuwar Yelwa muka tsallako daga gungu,
ni da filafili, Baba Kakale a tsakiyar jirgi.
Shekara uku ke nan idonsa ya yi hazo,
amma kunnensa na nan cikin ruwa.

Rumfar Arzika na bayan masu banda,
hayaƙi ya rina kwalayen ƙugiya.
Zare a naɗe, dalma a kwano,
taru a rataye kamar wanki mai jiran bushewa.

Na miƙa hannu ga mai sheƙi.
Baba ya ce, "Ba ni nan."
Ya ɗora bakinta a farcen babban yatsa,
ya ja a hankali, ta zame.
"Wagga ko ƙaiƙayi ba ta sosawa."

Ta biyu ta kama farce, ta bar farin zane.
Ya matse ta da sauran haƙoransa,
ya yi shiru kamar ƙarfen zai yi magana.
"Irin wagga. Ƙirga ɗari, Arzika,
kak ka haɗa min da masu buɗewa."

Ƙanana ya zaɓa, na kurungu da tarwaɗa,
don mamarin da zan shimfiɗa gabas da gungu,
kamu uku tsakanin kowace da 'yar'uwarta,
kada kifi ɗaya ya yi fushi ya harɗe kowa.

A kan zare muka yi musu.
Ni mai kauri nake so, wanda ba ya ba da kunya.
"Mai kauri, kifi na hango shi tun daga nesa.
Siriri, dutsen ƙasa na cinye shi.
Ɗauki na tsaka, Nomau, ka koyi sassautawa."

Dalma ya auna a tafin hannu,
ya tambaye ni launin kogi da safen nan.
Na ce ja ne, an kwana ana ruwa a tudu.
"To ƙara biyu, jan ruwa na da gaggawa."

Na ƙirga kuɗin bandar da Inna ta sayar,
saura na gishiri da ɗan kalanzir.
Sai ya zaro wani tsumma daga aljihu,
ya warware shi a kan tebur:
tsohuwar ƙugiya, miƙaƙƙiya kamar basilla,
tsatsa ta gama da ita, ya hana a yar wa kogi,
ya hana mantawa.

Arzika ya murmusa, ya san zancen.
Shekarar da nake rarrafe
giwan ruwa ya ja jirgin Baba tun asuba har hantsi.
Ya ga gadon bayansa, faɗin ƙyauren ɗaki,
har ya miƙa hannu ga mashi,
sai ƙarfe ya buɗe baki.
Ta araha ce, ya saye ta don ya rage na goro.
Tun ranar bai sake cin goro ba,
bai kuma sake taya ƙugiya da rowa.

"Ba ni babba guda, wadda ta fi wagga."
Na ce, "Baba, giwa ya yi wuya.
Taru mai ƙananan ido ya kwashe 'ya'yansa,
rabon da a ga mai tsawon mutum
tun ban fara tuƙi ba."
Ya ce, "Na ji. Ɗarin can na yunwa.

Guda ɗayan ka ɗaura ta can ƙarshen igiya,
inda gora ba ta taɓa ƙasa,
ka sa mata ɗan gargaza mai rai.
In ya biyo ta nan wata rana,
kada ya iske gidan Kakale ba shiri,
ya wuce yana rainawa."

Gishiri ya sha da ƙyar, kalanzir ya fasa.
Muka juyo, rana na bayanmu,
babbar na hannunsa a naɗe cikin takarda.
Da magariba na ɗaura ta, ƙulli bakwai.
Ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya,
ya kwance na huɗu,
ya ce in sake ɗaurewa.