Ragaya

A Kasuwar Barci, layin 'yan atamfa,
shago na huɗu in ka baro masu ɗinki,
nan nake zama tun Zulai tana goye.
Yau Zulai ce ke goyon nata.

Da jiki ya buɗe, aka ce arziki ne.
Ƙawaye na latsa damtsena suna guɗa:
"Uwani, tukunyar gidanki akwai maiƙo!"
Ni ma na yarda.
Har ƙwayar sha-ka-fashe na taɓa saya
gabanin bikin ƙanwata, don leshi ya zauna.
Ya kuwa zauna.

Ranar da Tabawa mai awara
ta kwaikwayi tafiyar mai karɓar haraji,
layi ya kece da dariya, ni ma na kece,
sai na ji ɗumi yana bin cinyata.
Na janyo turmin atamfa na ɗora a ƙafa
kamar mai duba zanen fure.
Ban tashi ba sai da duhu ya rufa min asiri.

Daga nan na koyi wani lissafi:
atishawa ɗaya, zani ɗaya,
tari biyu, sabuwar alwala.
Ramukan hanyar Rigasa, in ina cikin keke,
da marata nake ƙirga su.
Na daina shan ruwa in zan fita.
Na bar sahun gaba a tarawi.
Na yawaita turare,
aka ce gayu ne.

Wani dare na ji abu ya sauko,
nauyi a ƙasa, kamar ƙwan da kaza ta kasa ajiyewa.
Shekara biyu ko Malam ban gaya wa ba.
Ciwon da ke ƙarƙashin zani
bakinsa a ɗinke yake.

Sista Rifkatu ta asibitin Tudun Wada,
'yar Kagoro, mai tabarau a goshi,
ko gira ba ta ɗaga ba.
Ta ce, "Ke ce ta tara yau."
Na hau sikeli, allura ta wuce ɗari, ba ta waiwayo ba.
Ta ce, "Kin san ragaya?"
Na ce a ɗakin kakata na girma.
"To akwai irinta a ƙasan mararki, saƙar tsoka ce,
ita ke riƙe da mafitsara da mahaifa da hanji.
Haihuwa shida ta ja igiyar.
Ga shi kullum kina ɗora mata ƙwarya kan ƙwarya,
ba dare, ba rana.
Igiya ba ta kuka, sai dai ta saki."

Na ce, "Ta tsinke ke nan?"
Ta ce, "Saki ta yi.
Rage mata kaya, ki koya mata ɗamewa."

Yanzu in ina auna wa mai saye yadi
ina matsewa a ɓoye, in ƙirga goma, in saki.
Shi yana ciniki, ni ina gyaran igiya.
Lemon kwalba ya zama baƙo.
Masa ta sauko daga takwas zuwa uku,
ukun ma da faɗa.
Bayan asuba ni da Tabawa muna taka ƙasa har gadar kogi,
muna haki kamar tsohon injin markaɗe.
Wata biyar, kilo bakwai.
Masu guɗa sun koma raɗa:
"Lafiya kuwa? Ko Malam ya samu karaya?"

Jiya Tabawa ta sake yin mai haraji.
Na yi dariya, rabi, kunnena na ƙasa.
Ɗigo ɗaya. Ɗaya tak.
Turmin atamfa na kan kanta, ban janyo shi ba.

Da la'asar Zulai ta zo da goyonta,
kumatu sun cika, wuya ya fara ninki,
layi duka ana yaba mijinta.
Na ja hannunta zuwa bayan shago,
na rage murya, na ce,
"Kin tuna abin da Inna ke rataye nono a kai?"