Mangala Arba'in

Na sai da bijimin da na yi wa kiwon shekara biyu,
A kasuwar Gujungu, ran Lahadi da tsakar rana.

Na haɗa da keken ɗinkin matata Tabawa,
Na ƙirga wa Ilu a zaure, ya ce: "To, ga gona."

Daga gindin ɗinya har inda gamba ta ja layi,
Ya taka na bi shi, rairayi na cika takalmina.

Mai unguwa ya sa hannu, shaidu biyu suka dangwala,
Na ninke takarda huɗu, na tura ƙarƙashin matashina.

Da rani na kai taki, mangala arba'in cif,
Jakin aro, kashin awaki da tokar gidana.

Ruwan shuka ya sauka daren Talata,
Da asuba na saɓa sungumi, iri a ƙoƙona.

Sai ga mutum tsakiyar gonar yana sara,
Yaransa uku na binne gero a kan takina.

Malam Hudu ne, mai shagon gishiri a Taura,
Ya zaro tasa takardar, ta girmi tawa da wata bakwai har da kwana.

Hannun da ya sa mini shi ne ya sa masa,
Ɗinya ɗaya, gamba ɗaya, bambancin sai a suna.

Na ɗaga sungumi sama, Allah ya sa na sauke,
Da yau gidan yari ake kai mini tuwona.

Dagaci ya ce a yi sulhu, a tsaga ta biyu.
Na ce: "Rabin bijimi na sayar?"
Hudu ma ya kaɗe riga, ya ƙi ya zauna.

Muka nufi kotu a Ringim, kuɗin mota, kuɗin sammaci,
Alƙali ya ce kowa ya ɗauke ƙafarsa, ko noma ya hana.

Damina na wucewa, ƙaiƙayi na shan takin,
Ni ina kan benci, ana ɗage zama, ina cizon yatsana.

A zama na huɗu wata dattijuwa ta shigo da sanda,
Gambo, yayar Ilu: "Ku dakata, ina da magana.

Gonar ubanmu ce, tun da ya rasu ba a raba ba.
Mu biyu ya bari. Wa ya tambaye ni? Sulusina a auna."

Tsofaffi biyu suka shaida, Ilu ya sunkuyar da kai,
Babur ɗin da bijimina ya saya na jingine a rana.

Alƙali ya ce: "Ba ka sayar da abin da ba naka ba.
Sulusin Gambo nata ne, takarda ɗari ba ta hana.

Abin da ya rage, cinikin farko shi ne ciniki,
Hudu ya riƙe, ya bi Ilu cikon kuɗinsa.
Kai na biyu," ya juyo, da biro ya nuna,

"Haƙƙinka na wuyan Ilu, ba ya cikin ƙasa.
A sai da babur a ba ka, saura wata-wata.
In ba ka gamsu ba, ɗaukaka ƙara ba a hana."

Na ce: "Allah gafarta Malam, takina fa?"
Ya ce: "Kawo shaida." Jakin aro ne kaɗai shaidana.

Kuɗi na dawowa kamar ɗigon rufin da ya tsufa,
Keken Tabawa bai dawo ba, ba ta ce komai,
Shirun ya fi faɗa yi mini ƙuna.

Yanzu in an ce ga gona, ba na fara duba takarda,
Wurin tsofaffi masu sussuka nake zuwa in zauna:

Wa ya sare ta? 'Ya'ya nawa ya bari? An raba?
Abin da hatimi ya rufe, bakin tsohuwa ke tona.

Da kaka wani yaro ya yi sallama, dami biyu a amalanke,
Zangarniya kamar damtse, irinta ban gani ba bana.

Ya ce: "In ji Iya Gambo, wai ladan taki."
Na kwance igiya, na shinshina geron,
Na rasa ko godiya ce ko kuka ya tsaya a maƙoshina.