Direban da Ke Tsayawa a Danja

Ƙarfe sha ɗaya na dare a Valparaíso.
Na kashe tanda, fulawa har a gira,
na hau matakala ɗari da tara zuwa ɗakina na kan tudu,
na kunna wani birni.

Birnin ba ɗaya ba ne.
Kowa da nasa a cikin na'urarsa,
gada iri ɗaya, banki iri ɗaya,
sai uwar garke, can a wata ƙasa,
tana zagaya mu da tsegumi:
wane ya karya hagu, wance ta zaro bindiga,
ta kai, ta kawo, kafin ƙiftawar ido.
Gulmarta ce ginshiƙin garin.
Ran da ta yi shiru, tituna sai su watse.

Mutum talatin ake zubawa a zaure guda,
ba kai ke zaɓen maƙwabci ba.
Kowa ɗigo ne a taswira.
Wani na tallar mota,
wani na bin ka da jirgi, ba ka ci masa ba, ba ka sha masa ba.
Shi ya sa muke kulle ƙofa, mu huɗu, sai da gayyata.

Maite, ƙanwata, daga Punta Arenas take buɗe kwaɗon banki.
In iskar kudu ta kaɗa mata layi
sai ta daskare, ƙafa ɗaya a sama,
can kuma ga ta kan rufi, ba wanda ya ga hawanta.
Abin da nake gani ya riga ya wuce.
Inda mutum yake ɗazu nake harbi.

Fulgencio ke tsaron ƙofa.
Ba mu san fuskarsa ba, tarinsa muka sani
da surutun aku a bayansa.
Ni ke ɗaukar jaka.

Sai Don Evaristo.
Shekara talatin da huɗu yana jan bas a tuddan nan
kafin jikarsa ta koya masa latse-latse.
Shi ne direban tsere.
Kuɗi a but, jiniya biyar a baya,
ja ta kama a mahaɗa,
ya taka birki.
Muna ihu kamar maƙogwaro zai tsage, yana cewa,
"Yara, ga mata tana tsallakawa."
Matar ba mutum ba ce,
lissafi ne aka sa wa siket.
Ya jira ta.

Sau nawa aka kashe mu a wurin nan?
Mutuwar garin ba ta da nauyi:
allo ya yi toka, a cire kuɗin asibiti,
ka farka a gefen titi da takalminka a ƙafa.
In an tsira, mai masauki ya yanka ganima huɗu,
tsoho ya ce a rage nasa,
wai shi mai kawai ya ƙona.

A watan Yuni, da hunturu ya hauro daga teku,
sunansa ya dushe.
Kwana shida. Kwana sha tara.
Aikin ba ya tashi da mutum uku,
sai zobe ya yi ta juyawa, ana nemo mana baƙo.
Baƙi sun zo, ƙafarsu ba ta san birki ba.
Mun kwashe banki sau biyu.
Ba wanda ya yi dariya.

Daren jiya sunan ya yi kore.
Shuɗiyar motar nan mai lotsattsen gefe ta tsaya,
muka faɗa ciki. Makirufonsa a kashe.
Gada, kwana, mahaɗa.
Ja ta kama.

Motar ta wuce kamar kibiya.

Fulgencio ya daina tari.
Har akun ya yi tsit.

Can wata siririyar murya ta shigo:
"Amparo ce.
A bayan takardar magani ya rubuta min kalmar sirri."

Uwar garke ba ta san an yi rashi ba,
a lissafinta huɗu sun cika.

A mahaɗa ta gaba, ba wanda ya ce mata uffan,
yarinyar ta sassauta,
ta tsaya cak a kan farin layi.
Jiniya na ƙara matsowa.
Mai siket ta sako ƙafa, ba ta sauri.

Muka jira ta.