Mai Jan Layi

Tokar Kulu mai ƙosai nake kwasowa,
in ja wa filin Aliero layi, ba karkacewa.
La'asar sakaliya ɗalibai ke saukowa
da takalma masu ƙusa, riguna na ƙyalli.

Namu kulob, 'Yan Albasa, rabi ƙafa ƙasa.
Bagudu gola daga fadama yake tahowa,
hannu duk laka, amma ƙwallo ba ta zamewa.

Da aka tafi yajin aiki, fili ya yi tsit,
awaki suka tauna raga, tumfafiya na tsirowa.
Ni dai duk Juma'a sai na je na ja layina.

Kulu ta ce, "Wa zai buga, Malam Nomau?"
Na ce, "Cika min kwanon, suna dawowa."