Bataya

A gangaren Gulbi, can bayan Maradawa,
inda rairayi ke haɗiye sawun shanu,
akwai iccen da ba ya cikin littafin lakwal.
Bataya ake ce masa. Kakata Cima ta kai ni.

Gindinsa baƙi ƙirin, kamar tukunyar da ta tsufa bisa murhu,
ganyensa sirara, bayansu ja.
In iska ta taso daga Madarunfa
sai ka rantse wani ke ƙirgar dala-dala cikin ɗaki.
Ba ruwansa da damina.
Sai rijiyoyin lambu sun ja baya gaba uku
yake yin fure, dare guda, fari fat,
ƙudan zuma su kwana kansa, su mance amya.

Ɗiyansa kamar ƙwan zabuwa, har da ɗigo-ɗigon.
Dutse ba ya fasa su.
A tafin hannu ake riƙewa
har ɗumin jiki ya sa ɓawon ya buɗe baki.
Tsami ke fara gaishe ka,
zaƙi na biye, sannu, kamar baƙo mai kunya,
ƙishirwa kuwa sai gobe da la'asar.

Sharaɗinsa guda ne: ba a yi masa kuɗi.

Alhaji Rabe mai kamiyo bakwai ya ji labari,
ya sa yara suka cika buhu ashirin,
aka jibge a Babbar Kasuwa.
Wata mata daga Tibiri ta ce, "Tiya nawa?"
Ya ce, "Jika biyu."
Bai rufe baki ba buhunan suka kwanta,
rairayi ya malalo har idon sawu.
Masu baro suka kwashe, a biya su ya biya.

Cima dai kyauta take yi,
ga mai jaki, ga mai tallar nono, ga wanda ta manta sunansa.
Ni na taɓa yin wayo:
na miƙa wa Nomau guda, raina na kan kekensa.
Ban ce uffan ba.
Duk da haka tsakuwa ta yi ƙara a haƙorinsa.

Yau batir da fitila nake saidawa,
wuni guda "nawa, nawa" a kunnena.
Da magariba nakan gangara, in tsinko ɗaya, in riƙe.
Yana buɗewa har yanzu,
sai dai yakan daɗe
fiye da zamanin da Cima ke raye.